Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata ta Fari

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana. Haleluya!

A'a, wannan Amin ɗin ta waɗanda ba su karya kumallo ba ce. Na ce Haleluya!

Yawwa. Ga baƙinmu da ba su san ni ba, sunana Rifkatu. 'Yar Ƙarfi ce ni, aure ya kawo ni nan ƙasar Kafur, kuma ni ce mai tuyar awara a bakin kasuwa. Baba Fasto ya ce minti goma ya ba ni. Baba, ka gafarta mini tun yanzu, ba za su isa ba.

Kun san halina. Ba ni da zama wuri ɗaya, bakina kuma ba shi da birki. Ranar da wani ɗan kamasho ya ture mini kaskon mai, har cikin tasha na bi shi ina zazzaga masa. Mama Fasto tana dariya don ita ta janyo ni gida ran nan. To, ni ɗin nan da kuke ganin ba na barin ta kwana, akwai wuri ɗaya da na zama bebiya, kuma shirun nan ya kusa kashe mini ɗiya. Shi na tsaya in faɗa a gabanku yau, in kunyata Shaiɗan, in ɗaukaka Yesu.

Ku matan nan kun san kunyar ɗan fari. Tun muna yara muka tashi muka tarar da ita. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi kuka sai ta kau da kai har wani ya miƙo mata shi. Ɗan fari na kakanni ne. Ni kuwa abin ya zo mini biyu, don da na haifi yarinyar, maigidana ya sa mata sunan mahaifiyarsa, wato Inna, surukata. Sunan baftismar Inna Lidiya. Ku gaya mini, da wane bakin zan furta shi? 'Yar fari, kuma takwarar suruka!

Sai na riƙa cewa "yarinyar nan". In na gaji da wannan in ce "waccan".

Kuma bari in faɗi gaskiya tunda a ɗakin Allah nake, ina jin daɗin yabon da ake yi mini. Tsofaffi suna cewa, "Kai, Rifkatu duk da bakinta akwai kunya, 'yar gidan mutunci ce." Kaina ya yi ta kumbura. Girman kai ne na lulluɓe da zanen kunya, ni ban sani ba.

Ina gidanmu a Ƙarfi wajen wankan jego, yarinyar tana da mako biyar, na fara ganin abin. Da hantsi ne, ba kowa a ɗakin, na faki ido ina shafa mata mai. Sai yatsana ya taɓa wani ɗan ƙulli a cinyarta, a ƙarƙashin fata, shuɗi-shuɗi kamar ƙaramar ɗinya. Na danna, ya yi fari, ya sake komawa shuɗi.

Na buɗe baki zan kira mahaifiyata, sai na tuna abin da za ta ce: "Au, har kin fara ƙare mata kallo? Marar kunya!" Na ja zane na rufe cinyar.

Bayan kwana huɗu na ga wani a baya. Kafin mu yi arba'in sun zama biyar. Masu yi mata wanka suka ce cizon sauro ne, wata gwaggona ta ce ai jinin haihuwa ne bai gama bajewa ba. Ni na san ba haka ba ne, don ni kaɗai nake ƙirga su a ɓoye. Amma ko uffan ban ce ba. Na dawo ɗakina da yarinya da ƙulalanta da shiruna.

Daga nan ciki ya fara tashi. Da fari aka ce ƙoshi ne, har ana yi mini barka da nono mai kyau. Sai cikin ya yi tauri, ya yi sheƙi, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a kansa, ga hannuwa da ƙafafu sirara. In ta sha nono kaɗan sai ta saki tana haki.

Wayyo, 'yan'uwa! Ina tuya a kasuwa, hankalina yana gida. Awara ta ƙone mini ba adadi. In na dawo sai in yi ta zagaya ƙofar ɗakin Inna kamar mai neman allura, don a can yarinyar take wuni, ni kuma ba dama in shiga in ce a ba ni ita.

Maigidana ne Allah ya taɓa zuciyarsa. Ya dawo daga gonar masara wata ranar Talata, ya ɗaga ta sama zai yi mata wasa, sai na ga fuskarsa ta canza. Washegari muka hau mashin zuwa asibiti a Malumfashi. Suka duba, suka rubuta takarda, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu wuce Zariya.

Mu uku muka tafi, ni da shi da Inna. Inna ce ta goya ta tun daga gida har Funtua, daga Funtua har Zariya. Ni ina biye da ledar tsummoki kamar 'yar rakiya.

Likitar yara da muka samu wata Hajiya ce, doguwa, mai magana a hankali. Ta tambaya, "Yaushe aka fara ganin ƙulalan nan?"

Inna ta ce, "Makon jiya ne, 'yata."

Makon jiya! Sun fi mako uku! Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Sai da aka fitar da Inna da maigidana waje don a ɗebi fitsarin yarinyar, aka bar ni da ita in ba ta nono, sannan na matsa kusa da Likita na raɗa mata gaskiya kamar ɓarauniya. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "'Yar fari ce ko?" Na sunkuyar da kai. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai gyara abin da ta rubuta.

Aka yi hoton ciki, aka ɗebi jini, aka yanki ƙulli ɗaya aka kai ɗakin gwaji. Muka yi kwanaki muna jira. Ran da sakamako ya fito ta tara mu, ta ɗauki takarda da biro tana zanawa. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma abin da ta faɗa ran nan ya zauna mini daram, don na ɗiyata ne.

Ta ce tun mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, tun tayi bai kai ƙwayar wake ba, akwai wani siririn nama da ke shimfiɗe a bayansa. Naman nan sai ya naɗe kamar yadda ake naɗe tabarma, shi ne yake zama ƙwaƙwalwa da lakar baya. Daga gefen naɗin kuma wasu ƙananan ƙwayoyin halitta suke tashi su bazu cikin jiki. Wasu su zama jijiyoyin da ke kula da bugun zuciya da aikin hanji, wasu su je su zauna a saman ƙoda. Kowace in ta isa wurinta sai ta girma, ta kama aikinta, ta natsu.

"To, na wannan yarinyar," in ji ta, "wasu sun isa saman ƙoda amma ba su girma ba. Sun tsaya a jarirai, suna ta haihuwar junansu. Su ne suka zama ƙari a wurin, suka bi jini suka cika hanta, suka fito a fata. Hantar ce ta kumbura cikin. Wani nau'in ciwon daji ne."

Da muka ji "daji", sai Inna ta ɗora hannu a ka. Maigidana ya ce, "Likita, wani ne ya yi mana? Ko wani abu uwarta ta ci?"

Ta ce babu ko ɗaya. Ba jifa ba ne, ba maita ba ce, ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba. Sannan ta faɗi abin da ya fi ba mu mamaki. Ta ce yawancin yaran da ke zuwa da wannan ciwon sai an yi musu magani mai ƙarfi, har da fiɗa, kuma ba duka ke tashi ba. Amma a jarirai ƙanana irin tamu, akwai wani irinsa da sau da yawa yake janyewa da kansa, kuma gwaji ya nuna nata yana kama da wannan. Saboda haka ba za su yi mata komai ba tukuna. Za su sa ido. Mu koma gida, mu riƙa kawo ta hoto duk bayan mako biyu. In numfashi ya yi mata wuya, ko ta ƙi nono, ko fitsari ya ɗauke, mu taho a ranar, kada mu jira gobe.

Ta ɗaga yatsa ta ƙara da cewa, "Cikin zai iya ƙara girma kafin ya sauka. Kada a ba ta jiƙo, kada a yi mata sakiya, kada aska ta taɓa ta. Hantarta ba ta da ƙarfi yanzu, in jini ya ɓalle zai yi wuyar tsayawa."

Jira! A ce da ni Rifkatu in jira! Ni da ko ruwan zafi na ɗora sai na buɗe murfin sau biyar kafin ya tafasa. An ce ɗiyata tana da daji, an kuma sallame mu ko ƙwayar magani ɗaya babu.

Ban taɓa shiga tashin hankali irin na watan nan ba. Zaune bai gan ni ba, tsaye bai gan ni ba. Na share tsakar gida sau uku a wuni. Na wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Na yanki wani zaren buhu na ɓoye a bakin zane, duk lokacin da aka miƙo mini ita shan nono sai in juya baya in zagaya cikinta da shi, in ƙulla alama. Kowane mako ƙullin yana matsawa gaba. Addu'a kuwa ina yi, amma irin ta mai faɗa. Ina cewa, "Ubangiji, me kake jira? Kai ma jiran kake kamar Likita?" Allah ya gafarta mini.

Muka je hoto na farko, aka ce hanta ta ƙaru kaɗan, mu ci gaba da sa ido. Muka je na biyu, maganar ɗaya ce. Muka hau motar dawowa daga Zariya. Muna sauka a tashar Funtua Inna ta ce da ɗanta, "Ni ban taɓa ganin maganin da sunansa je ka dawo ba."

Kada wani ya ga laifin Inna a cikin wannan shaidar. Ga ta can zaune, kuma da izininta nake wannan maganar. Inna ta binne 'ya'ya biyu da kumburin ciki tun tana amarya. Na ukun da cikinsa ya tashi, ta kai shi wurin wanzami aka yi masa tsagar saifa, ya rayu. Shi ne maigidana, har yau tabon yana jikinsa. Ku gaya mini, matar da ta ga wannan da idonta, yaya za a yi ta zauna tana kallon takwararta tana kumbura?

Ta yi wa ɗanta maganar, ya ce Likita ta hana. Ta ce, "Su da suka yanke mata nama a cinya ba su hana kansu ba, sai mu?" Ya yi shiru, ita kuma ta ɗauki shirun nan a matsayin amincewa ta ajiye.

Lokacin ɗibar auduga ne. Wata ranar Alhamis da sassafe maigidana ya bi motar da ta kwashi audugarmu zuwa Funtua. Rana ba ta yi zafi ba sai na ji sallama a ƙofar gida. Malam Sale ne, wanzamin garinmu, da zabirarsa a kafaɗa. Dattijo ne mai mutunci, shi ya yi wa rabin mazan da ke zaune a nan aski ranar sunansu, Musulmi da Kirista.

Ina ganin zabirar nan na san abin da ya kawo shi.

Inna ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta kwance goyo, ta kwantar da yarinyar. Ta dube ni ta ce, "Ke, shiga madafa ki dama mana kunu." Kun san ma'anar wannan. Uwar ɗan fari ba ta tsayawa a irin wannan wurin. Kuma na tafi! 'Yan'uwa, da ƙafafuna na tafi! Na shiga madafa na ɗauki muciya.

Daga inda nake ina jin komai. Malam Sale ya daɗe yana taɓa cikin, sannan ya ce, "Inna, saifa a hagu take. Wannan kuwa dama ce ta fi tauri. Ni ban san irin wannan cikin ba."

Inna ta ce, "Malam, kai ka yi wa ubanta, ga shi can yana noma. Yi mata kawai."

"Ina uban yake?"

"Yana Funtua. Ni na haife shi, ni na ce a yi."

Sai Malam Sale ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Uwar yarinyar fa, ta yarda?"

Allah ya buɗe mini ƙofa da bakin bawan Allah nan, na ƙi shiga. Inna ta yi dariya ta ce, "Haba Malam, 'yar fari ce fa. Ina ruwan uwarta?" Ni kuma ina tsaye da muciya a hannu, na san abin da Likita ta faɗa kalma da kalma, amma harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Abin da ke yawo a kaina shi ne, me za a ce da ni a garin nan?

Sai na ji ƙarar farko.

Ba irin kukan da na saba ji ba ne. Siriri ne, ba ƙarfi, don numfashin ma bai ishe ta ba. Muciya ta faɗi daga hannuna. Na durƙusa a cikin toka, na ce, "Yesu! Yesu, ka taimake ni!"

Ƙara ta biyu.

Na ce, "Ubangiji, kai ka saƙa jijiyoyin yarinyar nan a cikina tun ban san tana nan ba. Ni ka ba wa ita, ba garin nan ba. Na fi tsoron bakin mutane a kan tsoronka, na tuba! Ka buɗe mini baki! Ka buɗe mini bakin nan da nake zagin mutane da shi a kasuwa!"

Ƙara ta uku ta same ni a tsaye. Ban san lokacin da na fito ba. Na dai ji wata murya ta cika gidan, har kaji suka watse, ashe tawa ce.

"Lidiya! Lidiya! Ku sakar mini Lidiya!"

Haleluya! Wata uku da haihuwarta, ran nan ne sunanta ya fara fita daga bakina, a gaban mai sunan, a gaban baƙo, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Na faɗa kan tabarmar na sure ta na rungume. Na ce, "Ɗiyata ce! Ni na haife ta! Likita ta ce kada aska ta taɓa ta, ba kuma za a ƙara ba sai dai a fara tsaga ni!"

Inna ta miƙe, ta ce, "Rifkatu, sunana kika kama? A gaban mutane?"

Na ce, "Inna, ki yafe mini, gobe ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama. Yau dai ba zan sake ta ba."

Malam Sale ya riga ya ajiye askar. Ba ni yake kallo ba, jinin da ya ɓata zanena yake kallo. Ya ce, "Miƙo ta nan, 'yata." Tsaga uku ne ƙanana, ko tsawon farce ba su kai ba, irin waɗanda kan daina jini kafin a shafa musu magani. Waɗannan kuwa sun ƙi. Ya danna da auduga, ta jiƙe. Ya sake wata, ta jiƙe. Ya ce, "Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban ga jini ya yi haka ba. Ɗauko mayafinki."

Shi da kansa ya tayar da mashin ɗinsa, ya bar zabirarsa a gindin bishiya. Na hau baya da Lidiya a ƙirjina, tafin hannuna a kan cikinta ina dannawa. Tun daga ƙofar gida har Malumfashi yana salati, ni ina kiran Yesu, ba wanda ya ce da wani ya yi shiru. Tsakanin addu'a ina ta kiran sunanta a kunnenta, kamar ina biyan na wata ukun da ban kira ba. Leɓunanta suna ta yin fari ina gani.

A Malumfashi suka ɗaure wurin, suka yi mata allura, suka sa mu a mota zuwa Zariya. Aka buga wa maigidana waya, ya tare mu a Funtua, ko audugar bai tsaya an gama aunawa ba. Jininsa aka ɗiba aka ƙara mata da yammacin ranar.

Da Likita ta zo ta ga tsagar, ta rufe ido na ɗan lokaci. Na ce yau zan sha faɗa. Sai ta tambaya, "Wa ya tsayar da su?" Na ce ni ce. Ta ce, "Da an yi goma ko sha biyu yadda aka saba, da ba ku iso da ita ba."

Ta kuma ce jiran ya isa haka, don hantar ta fara danne mata numfashi. Suka ba ta maganin dajin ta jijiya, ɗan kaɗan daidai jariri, zagaye biyu. Mun yi kusan wata a asibitin nan. Ta yi amai, 'yar sumarta ta zube, ni kuma na auna barandar ɗakin yaran nan da ƙafa har masu shara suka san ni. Amma yanzu a bayana take. Ni nake goya ta, ni nake amsa tambayar Likita, da ƙarfi kuma.

Da muka dawo gida Inna ba ta yi mini magana ba. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. A rijiya ana nuna ni da baki, wai ga wadda ta kama sunan surukarta. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, na sha kuka a bayan ɗaki. Ku matan zumunta da kuka riƙa zuwa kuna addu'a da ni kowace Laraba, kuka kuma bi ta ɗakin Inna kuka zauna da ita, Allah ya saka muku.

Zaren buhun nan dai ban yar da shi ba. Wata safiya na zagaya cikin da shi, sai na ga cikin bai kai ƙullin ba, ya ragu da ɗan yatsa ɗaya. Na ce hannuna ne ya karkace. Na sake, haka. Na sake har sau huɗu, yarinya ta gaji ta fasa kuka. Bayan mako biyu yatsa biyu. Ƙulalan fata suka fara dushewa ɗaya bayan ɗaya, na cinya ne ya tafi a ƙarshe.

Muka ci gaba da zuwa hoto, daga mako biyu aka mayar da mu wata-wata, daga nan wata uku. Na watan jiya, muna shirin fita, sai ga Inna ta fito da mayafinta ta ce za ta bi mu.

Mai ɗaukar hoton ya shafa wa cikin man nan mai sanyi, ya yi ta zagayawa da na'urarsa. Ya daɗe. Ya danna nan, ya danna can, ya tsuke fuska, sannan ya tashi ya fita bai ce komai ba. Wayyo Allah! Na ce shi ke nan, abin ya dawo. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Sai na ji an kama hannuna an riƙe gam. Inna ce. Ta ce, "Zauna, uwar Lidiya. Tare za mu ji."

Ya dawo da Likita. Ita ma ta duba ta duba, sannan ta juyo da allon wajenmu ta nuna wani ɗan ɗigo fari. Ta ce, "Kun ga wannan? Shi ne abin da ya rage a saman ƙodar, ya bushe, bai kai ƙwayar dawa ba. Hanta ta koma daidai. Neman ƙarin yake yi bai samu ba, shi ya sa ya kira ni."

Ku taya ni! Ku taya ni yabon Ubangiji! Haleluya!

Inna ta zube a ƙasan ɗakin hoton nan tana kuka tana waƙar yabo, ni ina tsalle, Lidiya kuma ta samu wayar na'urar tana ja. Sai da aka roƙe mu mu fita don akwai masu jira.

Ban ce muku tsoro ya bar ni ba. Likita ta ce za mu ci gaba da zuwa har shekaru, kuma duk ranar da za mu tafi ba na iya cin abinci. Na kuma ga iyaye a ɗakin yaran nan da suka yi addu'a fiye da tawa, suka koma gida da zane ba goyo. Ban fi su da komai ba. Ban san dalilin da ya sa aka bar mini tawa ba, na dai san wanda ya bar mini ita.

Saboda haka ina roƙonku, ku 'yan matan da ke goyon fari. Ku girmama iyayenmu, ku yi kunya inda kunya take da kyau. Amma in kin ga ƙulli, in kin ga kumburi, in kin ga abin da bai kwanta miki ba a jikin ɗanki, buɗe baki ki faɗa a ranar, a kai shi asibiti. Ku kuma iyayenmu, in yarinya ta yi magana a kan ɗanta, kada ku ce ta yi rashin kunya. Ku dogara ga Yesu, shi da ya ba likitoci sani, shi ne kuma yake ba bebe baki.

Lidiya tana da shekara ɗaya da wata bakwai yanzu. Kowace safiya in ina yi mata wanka ina ganin tabo uku a gefen cibiyarta. Ba na Inna ba ne, ba na Malam Sale ba ne, shi ya tambaya ko na yarda. Nawa ne. Wata rana za ta yi wayo ta tambaye ni, "Mama, mene ne wannan?" Zan zaunar da ita in gaya mata cewa sau uku ta kira ni kafin in amsa, kuma Yesu bai bari a yi na huɗu ba.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga sunansa. Amin.